Jikokin Mutum Ɗaya, Ƙasa Biyu

A shekarata ta biyu a Riyadh ina aiki a wani kemis a Al-Shumaisi. Akwai wani dattijo baƙi, ɗan Saudiyya, da kan zo karɓar maganin hawan jini. Larabci muke yi kullum. Ran nan ya tarar ina waya da mahaifiyata, ina kashewa ya ce, "Ɗan nan, mutanen gida lafiya?"

Na saki baki. Hausar tsofaffi ce, irin ta kakata, sai dai Larabci ya ɗan karya masa harshe. Ya yi dariya, ya ce in zo gidansa a Al-Suwaidi bayan sallar Juma'a.

Na same shi tare da wani dattijon, kamarsu ɗaya har wushirya. Ɗan ƙanen mahaifinsa ne. Muna cikin cin shinkafa da naman rago mai gidan ya nuna shi ya ce, "Ni ɗan nan ƙasar ne, shi kuwa naku ne."

Na juya wurin ɗan'uwan nasa na ce, "Baba, daga wace jiha?"

"Makka," in ji shi. "Ƙafata ba ta taɓa taka Najeriya ba."

Abincin ya fita raina, sai tambaya. Suka riƙa ba ni labari, wannan ya faɗa wancan ya gyara masa. Kakansu ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da 'ya'yansa maza biyu, suka ratsa Sudan, suka zauna a Makka. Da hukuma ta fara rajistar mutane, babban ya je ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Ƙaramin ya ƙi. Ya ce shi hajji ya kawo shi, gida zai koma, ga shi kuma ana raɗe-raɗin duk wanda aka rubuta soja za a kai shi. Har ya rasu bai koma ba. Ɗansa, wato wannan dattijon, ya tashi da iƙama, takardar zaman baƙi da aka rubuta masa ɗan Najeriya a kai, da kafili mai tsaya masa, daidai da ni baƙo.

"A titi duk Takari ake ce mana," in ji mai gidan. "Ba mai bambanta mu sai an shiga ofis. Can kowa da layinsa."

Da zan tafi, mai iƙamar ya riƙe hannuna. Ya faɗi sunan ƙauyen da ya ji a bakin mahaifinsa, ya roƙe ni in binciko masa ko yana nan.

Ban taɓa jin sunan ba. Na kira kawuna, direban babbar mota da ya san hanyoyin arewa kamar tafin hannunsa. Ya ce ƙauyen na nan, har kasuwa yake ci, amma sai an tsallaka iyaka. A Nijar yake, wajen Maraɗi.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa. Da na faɗa, sai ya fashe da dariya har da hawaye. "Ashe ma ƙasar da aka ba ni ba ita ba ce!" Ya goge ido da gefen rawaninsa, ya matso kusa ya ce, "To, su mutanen can, Hausarsu irin tawa ce ko irin taka?"

Na ce ta fi kama da tasa. Ya ji daɗin wannan ƙwarai.