Aljanar da aka bari a kan gada

Shekarun baya na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kakuri, da furfurata. Da muka fara haɗa baƙi, malaminmu ya ce kowa ya nemi littafi guda ya karanta har ƙarshe. Na je wurin mai baza littattafai a bakin titi, na zaɓi wanda aka rubuta wa lamba ɗaya ƙatuwa a bango. A zatona shi ya zo na ɗaya a cikin littattafai.

Labarin aljanu ne da suka tare a wata tsohuwar masaƙa, suna hawa keke napep, suna cin kasuwa kamar kowa. Tun farko ya ba ni haushi. Na yi aikin masaƙa har ƙarar inji ta kashe mini kunne ɗaya, ga shi wani ya mai da wurin gidan bikin aljanu, ko ma'aikaci ɗaya bai ambata ba. Abin da ya hana ni jefar da shi wata aljana ce da aka sace mata ɗa aka haye kogi da shi. Su kuma jinsinsu in suka tsallake ruwa mai gudu ƙonewa suke.

Da yatsa nake bin layi, shafi ɗaya ya cinye mini yamma. Damina ta zo ta wuce ina tare da matar nan. Matata, mai tsokanata wai na yi budurwa a takarda, ita ma ta fara tambaya ko an ga yaron.

A shafin ƙarshe aljanar ta ɗora ƙafa a kan gada, zaninta ya fara hayaƙi. Sai na ga an rubuta wai a nemi littafi na biyu.

Na koma wurin mai littattafai raina a ɓace. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ɗayan nan kashi na ɗaya ke nan. Na biyun bai taɓa fitowa ba."

Ni mai haƙuri ne, amma ranar na gaya wa malaminmu na bar aji. In haka masu ilimi ke yi da mutane, me zan yi da karatu? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ka tsallakar da ita mana. Ba ka iya rubutu ba?"

Da fushi na ɗauki biro. Na kawo wani tsohon ma'aikacin masaƙa da kekensa cikin labarin, ya lulluɓe aljanar da jiƙaƙƙiyar atamfa, ya ɗauke ta ya hau gada. Ana ta yi masa ihu wai ya juya baya, amma kunnensa na wannan ɓangaren ba ya ji. Suka haye, ta karɓo ɗanta. Matata ta ce na yi sauri da yawa, amma ta sa na sake karanta mata.

Ban bar aji ba. Marubucin nan kuwa har yau ban yafe masa ba, domin duk wanda ya fara ba ka labari amana ya ɗauka. Yanzu in zan sayi littafi, shafin ƙarshe nake fara buɗewa.