Babur Mai Kawo Burodi

Da 'yan bindiga masu babura suka kore mu daga ƙauyenmu na bakin dajin Kamuku, na yi sati uku a gidan Gwaggo ban leƙa waje ba. 'Yarta ta nuna mini wasan shago a waya: ki jera sabulu da sukari, masu saye su shigo.

Rannan a cikin wasan, wani babur ya tsaya a ƙofar shagon. Na yar da wayar.

Gwaggo ta duba. "Ke 'yar nan, burodi ya kawo miki!"

Masu wasan suna ƙorafi wai ba abin da ke faruwa a ciki. Ikon Allah! Ashe akwai garin da burodi kawai babur ke kawowa.

Washegari na taya Gwaggo tsaron teburinta na sayar da kaya a ƙofar gida.