Faranti Goma Sha Bakwai a Bayan Gini

Ƙarfe bakwai saura kwata, bayan sallar magariba, a saman gidanmu na unguwar Ka'akiyya. Mu uku ne: kakata Iya, yayata Rakiya, sai ni. Iya tana fifita garwashin shayi, wanda shi ne wutar hirarmu a Makka. Ranar na juye shinkafata a shara saboda babu nama. Iya ta gani, ta bari sai da shayi ya tafasa.

"Matso, maigidana," in ji ta. "Tatsuniyar yau taka ce."

Ta ba mu labarin wani manomi da maƙwabta suka haɗa wa ƙwaryar iri bayan shekarar yunwa. Da farko ya ƙi sunkuyawa ya yi shuka. Daga nan ya tsaya a bakin gona yana cilla irin da hannu biyu, don masu wucewa su ga yana da shi. Zabi suka bi suka tsince. Da damina ta kankama gonar kowa ta yi kore, tasa kuwa ƙasa ce zalla.

"Bai ci ba, bai sayar ba, bai ba kowa ba," ta ce, idonta a kaina. "Shi ake kira almubazzari."

Rakiya ta yi dariya, ni kuwa na ƙi shan shayin.

Karatuna bai yi zurfi ba. Sai da na girma wani malami maƙwabcinmu ya gaya mini cewa daga Larabci muka aro kalmar, kuma tushenta watsa iri ne. Ashe Iya, da ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba, asalin ma'anar ta ba mu.

Na san duk wannan, amma na sake yin irinsa. Bara na aurar da 'yata a wani ɗakin taro a unguwar Shisha. Mai girki ya ce faranti ashirin na shinkafa da nama sun isa, Rakiya ma haka ta ce. Na dage sai arba'in, kada surukai su ce mu 'yan Takari, baƙin Makka, mun yi rowa. Ban tanadi wanda zai kai ragowar ga mabuƙata ba. Washegari da hantsi na koma kwashe kaya, na tarar da faranti goma sha bakwai a bayan gini, ko buɗe su ba a yi ba, zafi ya lalata su. Dattijon da ke share wurin ya tambaye ni ko na san mai bikin.

Na ce ban san shi ba.

Har yau ban iya gaya wa Rakiya ba. Ina roƙonka, in za ka yi taro, kafin ka kira mai girki ka fara samo wanda zai kwashe ragowar tun da ɗuminta, ka gaya masa wuri da lokaci.