Waƙar Makokin da Na Kasa Mayarwa

Shekara huɗu na yi ina sakatariyar wata 'yar ƙungiyar mata manoma a Zuru. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a bayan shagon wani tela, da kwamfuta guda wadda kullum sai ta yi mana gorin lasisi kafin ta yarda a buga takarda. Ni ce mai zaginta, ni ce kuma mai lallashinta.

Wata shekara bayan girbi, wata babbar ƙungiya ta haɗa mu da ƙananan ƙungiyoyi irin tamu, daga Sakaba har Wasagu, ta turo malama ta koya mana aiki da manhajar kyauta. Malamar ta goge tsohuwar manhajar kwamfutarmu, ta zuba sabuwa, ta ce wannan ba ta da mai ita. Jama'a ne suka taru suka gina, kowa na iya ɗauka, ya buɗe cikinta, ya gyara, ya miƙa wa na gaba. "Kamar aikin gayya," in ji ta. Sharaɗin haɗin gwiwar ɗaya ne: duk abin da muka yi da ita mu zuba a rumbu guda a intanet, inda kowa zai ɗiba ba sai ya nemi izini ba.

Abin ya shiga raina ba kaɗan ba. Na koma mai wa'azin manhaja, har ta kai in na soma mijina sai ya tuna yana da wani aiki a waje.

Aikinmu na farko shi ne ɗaukar waƙoƙin mata na C'lela, yaren ƙasarmu, na niƙa da na daka da na shuka, kafin waɗanda suka iya su ƙare. Ni 'yar soja ce, a bariki na tashi, abin da na iya na yaren iyayena bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Wannan gibin yana cina a rai, shi ya sa na kama aikin da zafi fiye da kowa.

A wani ƙauye kusa da Manga aka nuna mini wata tsohuwa. Ita ce mai buɗe waƙar makoki a garinsu. In an yi mutuwa, mata sukan zauna shiru sai ta ɗaga murya, sannan su amsa. Ta ba ni waƙoƙin niƙa uku tana dariya. Da na ce saura ta makoki, sai dariyar ta ɗauke.

"Ba a yin ta sai da gawa," ta ce.

Sau uku ina komawa, da gishiri da sabulu da zaƙin baki. Ina da naci, kowa ya san ni da shi. A zuwa na uku na ce, "Kaka, in kika tafi da ita fa? Don jikokinki za a ajiye." Ba ƙarya na yi ba, rabin gaskiya na faɗa.

Daga ƙarshe ta yarda. Sannan ta ce waƙar tana da wurin suna, ba a barinsa fanko, ba a kuma sa na mai rai. Don haka za ta sa na mijinta, wanda ya rasu tun 'ya'yansu suna ƙanana. Ta juya fuskarta ga bango, ta yi wa mijin wata magana ƙasa-ƙasa, ta soma. Ban fahimci komai ba sai sunan, amma tsigar jikina ta tashi. Bayan nan na miƙa mata takardar amincewa da Turanci, ta dangwala yatsa. Takarda shafi biyu na taƙaita mata a magana biyu, kuma kalmar "kowa" ba ta ciki.

A makon na zuba waƙar a rumbu. Malamar ta kira ta yabe ni, ni kuwa kai ya kumbura.

Da damina ta yi nisa, sai ga tsohuwar a bakin ofis, an sauke ta daga babur, zanenta duk taɓo. Ta ƙi kujera. Ta ce ranar kasuwa ta ji muryarta tana fita daga lasifikar masu tura waƙa a waya, wani ma ya sa mata kiɗa a ƙasa. Tana tsaye tsakanin masu tumatir, tana jin kanta tana kiran mijinta.

"Ɗiyata," ta ce, "sau guda na kira shi, sai da na ba shi haƙuri. Yanzu kullum ana kiran shi, ya zo bai ga gawa ba. Ina za shi kwanta? Maido mani abina."

Na goge wadda ke kwamfutarmu a gabanta. Na kira malamar, ita ma abin ya dame ta ƙwarai. Ta cire waƙar daga rumbu, ta rubuta wa sauran ƙungiyoyin. Amma ta gaya mini abin da na riga na sani, tunda da bakina na sha koya wa mutane: wanda ya ɗauka ya ɗauka, haka aka gina abin. Daga baya an gyara tsarin, aka ce a riƙa yi wa mutum bayani da yarensa, aka ware abubuwan da ba a sakewa. Wasu sun amfana da gyaran.

Na bi masu tura waƙa rumfa-rumfa, na roƙi wasu, na yi faɗa da wasu. In na fito daga wannan, sai in ji ta a wayar wani ɗan acaba da ya wuce. Da na gaji, na je ƙauyen na ce mata an maido duka, ba saura. Ta dube ni ta ce, "To."

Shekara ta zagayo, babbar 'yarta ta rasu. Na je, ina jin kunya da tsoron da har yau ba su sake ni ba. Mata sun cika tsakar gida, gawa tana ɗaki, kowa yana jiran tsohuwar ta buɗe. Tana zaune a tabarma, ƙafafu miƙe, baki rufe. Aka jira, aka jira, har masu haƙa kabari suka aiko a ji ko lafiya. Sai wata mata daga baya, don tausayi, ta ciro waya daga ƙugunta ta kunna. Waƙar ce, wadda aka sa wa kiɗan. Muryar tsohuwar ta cika gidan tana kiran mijinta, matan kuma suka amsa, don ba su da wata.

Ba ta hana ba. Ta ɗaga kai ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan tawa, ta tsaya. Sannan ta janye zanenta, ta matsa gefe, ta bar wurin zaman mutum ɗaya a tabarmar.