Jinin Sarkin Ingila a Irving Park

Yayana Uwaisu ya shekara goma sha tara yana koyar da tarihi a Zariya. A nan birnin Greensboro kuwa direba ya zama, yana kai wata tsohuwar Baturiya ta unguwar Irving Park asibiti da coci.

A falonta akwai takarda cikin gilashi mai cewa ita jinin wani sarkin Ingila ce. Da ta ji ya karanta tarihi, sai ta ce ya duba mata. Yabo take nema, kowa ya sani. Shi kuwa ya bi takardar yadda malamanmu ke bin hadisi: wa ya faɗa, daga bakin wa ya ji, ya ma riske shi da rai?

Sati uku yana zarya zuwa laburare. Ya dawo ya gaya mata cikin ladabi cewa marubucin ya zo duniya shekara ɗari huɗu bayan rasuwar sarkin, bai faɗi inda ya samo labarin ba, kuma a gidan kakanta yake ci yake sha.

Ta tambaye shi ko a Afirka ma ana rubuta tarihi. Ranar Juma'a ɗanta ya karɓe makullin motar.

Na ce, "Yaya, da ka ce mata gimbiya ce, me zai ragu a jikinka?"

Ya ce, "Daso, ruwayar ba ta inganta ba."

Yanzu kwali yake ɗauka a wani sito a titin Wendover, bayansa na ciwo. Takardar kuwa tana nan a bango.