Inuwar da Aka Hana Yaya Lawali

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Lawali, kuma har yau in na ce rana ce ta kashe shi sai wani ya gyara mini zance, ya ce ajali ne. Na yarda, ni ma Musulma ce. Amma ajalin nan ta bakin garin Sabon Birni ya biyo, da rana tsaka, ina tsaye ina kallo. Abin da na gani shi za ni faɗi.

Faci yake yi a tasha. In ka gan shi durƙushe kan taya ba za ka ce akwai wani abu a jikinsa ba, siriri ne, ga shiru. Sai ya tashi gudu. Gonarmu tana hanyar Unguwar Lalle, kuma ban taɓa ganin ya hau babur zuwa can ba. Kansa ba ya motsi in yana gudu, kai ka ce an ɗora masa ƙwaryar fura an ce kar ta zube. Bakinsa a rufe. A cikin yashi, inda masu babur ke sauka su tura, nan yake wuce su yana yi musu sannu da aiki. Mata a bakin rijiya sukan bar guga a rataye su bi shi da ido har ya ɓace. Ni da nake ƙanwarsa, wadda ta san munsharinsa da ƙiwuyarsa wajen wanki, in ya gifta haka sai in ji kamar ban san shi ba.

Da aka ce za a yi tseren matasa, wanda ya zo na ɗaya a tafi da shi Sakkwato, ba wanda ya tsaya tambayar wa zai ci. Tsakiyar bazara ce. An ce da sanyin safiya za a tashi, aka kwashe su a akori-kura aka sauke a wani fili can kan hanyar Tsamaye, inda ko inuwar geza babu. Amma mu nan ba a fara komai sai babban baƙo ya zauna, ko da buɗe rijiya ne. Suka tsaya ana jiran a bugo waya a ce ya zauna. Ruwan leda kuwa yana jibge a bayan kujeru, ƙarƙashin rumfar manya, a inda za a ƙare tseren. Daga kokon asuba ba abin da ya shiga cikinsu. Hantsi ya wuce, inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, sannan aka busa usur.

Mu 'yan makaranta an jera mu a bakin gari don mu yi tafi. Ina aji uku a lokacin. Zafin ƙasa yana ratsa takalmina. Can sai ga shi ya fito daga cikin kawalwalniya, shi kaɗai, babu kowa a bayansa iyakar ganin ido. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau kamar gudun nan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Na ƙwala masa kira. Lawali da ko a tsakiyar kasuwa ya ji muryata sai ya waiwayo ya ce, "Barkono, mi kuma?" ranar bai waiwayo ba. Da ya zo daf da ni na ga babu ɗigon gumi a jikinsa, fatarsa a bushe. Idonsa a buɗe amma ba ya ciki. Ƙafafun ne kawai ke aikinsu, daidai, ba kuskure. Ya wuce mu kaɗan, ya karkata, ya faɗi.

A wajen nan inuwa ɗaya ce tak, wata tsohuwar tsamiya. Samari suka ɗauke shi za su kai, sai wani dattijo ya tare su.

"Ina za ku da shi? Rana tsaka, gindin tsamiya? Aljanu ne sunka buge shi, ku kuma ku miƙa musu shi?"

Aka mayar da shi kan yashi. Wata mata ta rugo da bokitin ruwa, aka riƙe mata hannu, wai jini da zafi, in an zuba masa jikinsa zai shanye. Aka kewaye shi ana tofi, har iskar da zai shaƙa aka tare. Ba maƙiyansa ba ne. Wasu kuka suke yi. Ana cikin wannan gardama ne wanda ya zo na biyu ya iso, don ku san tazarar da ya ba su. Babu motar asibiti. A kan babur aka kai shi, an sa shi tsakanin mutum biyu, kuma bai kai la'asar ba. Ma'aikaciyar jinya ta taɓa goshinsa ta tambaye mu ko an jiƙa shi da ruwa a hanya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garin nan yau. Hanyar gonar da yake bi ba ta biyuwa yanzu sai da fargabar 'yan bindiga. Gudu ya zama abin da kowa ya iya, har tsofaffi da mata masu goyo, kuma ba wanda ke yi musu tafi. Ina jin da ya yi shirun nan nasa, ya koma kan tayarsa.

Abin da ban san me zai ce a kansa ba shi ne abin da na yi wa ƙanenmu Mustafa makon jiya. Mustafa ya ɗauko ƙafar Lawali, ba wanda ya koya masa. Bana an dawo da tseren, a cikin gari saboda halin hanya, kuma a bazara dai. Inna ta yarda ya shiga, bayan ta ba shi rubutu ya sha ta kuma gargaɗe shi kar ya bi ta gindin tsamiya. Ni na bi shi da jarkar ruwa. Aka ce da sassafe. Hantsi ya yi, kujerar babban baƙo ba kowa. Rana ta fara cizo. Na ratsa cikin maza na tsaya a gabansa.

"Tashi mu tafi gida."

"Yaya, don Allah kar ki kunyata ni. An ce yana hanya."

"Wancan karon ma yana hanya. Ko ka bi ni, ko in kwanta nan gaban layi, duk mai gudu shi bi ta kaina."

Abokansa suka fashe da dariya, wani ya ce, "Mustafa, uwarka ta biyu ta zo." Ɗaya daga cikin masu shiri ya ce in ji tsoron Allah in bar yaro ya nemi rabonsa. Na ce masa ya nuna mini inda ruwa yake a kan hanya da motar da za ta ɗauki wanda ya faɗi. Ya ce ana shirin kawowa. Mustafa ya san za ni kwanta ɗin, shi ya sa ya biyo ni, yana hawaye.

An yi tseren bayan azahar. Ba wanda ya mutu, biyu ne kawai suka suma. Wani ne zai tafi Sakkwato, yaron da Mustafa ke wucewa ba tare da ya buɗe baki ba. Mutane suna ce mini ga shi nan, an yi lafiya, na sa yaro ya yi asarar damarsa a banza. Mai yiwuwa Lawali ma haka zai ce, don shi mai haƙurin jira ne, bai taɓa tambayar manya dalili ba. Wannan haƙurin na so a binne tare da shi. Gudun kuwa bai mutu ba, yana gidanmu.

Allah ya jiƙan Yaya Lawali, ya sanyaya makwancinsa. Mustafa bai yi mini magana ba tun ranar. In na kai masa tuwo sai ya juya baya, sai na fita ya ci. Ya yi ta fushinsa. Kwanon dai yana dawowa ba komai a ciki.