Ƙafar Kaza ta Kirsimeti

A shekarun da muka zauna a Bukan Sidi, wajen 1984, ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. In na ɗauko waƙar ƙaunar maƙwabci har hawaye nake yi. Da za a tambaye ni ko ina ƙin wani, da na ce Allah ya kiyaye.

Amma akwai Hajiya mai manja, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Ina amarya ta ɗanɗana sakwarata a gaban mata, ta ce a ajiye ta don jifan kare. Kowa ya yi dariya, har da ni. Shekara bakwai ina gaishe ta da fara'a, maganar kuwa tana nan a ƙirjina daram.

Ran Kirsimeti ake raba shinkafa da kaza gida-gida, ni kuma ke riƙe da ludayi. Kwanon Hajiya kullum ƙanzo ne a ƙasa, 'yar shinkafa mai kyau a sama don rufin asiri, sai ƙafafun kaza. Ban taɓa kiran abin ƙiyayya ba. Cewa nake ai dole wani ya ci ƙafa.

A shekara ta takwas na sayi langa biyu iri ɗaya a kasuwa. Na cika ɗaya da cinyoyi don Baba Fasto, ɗaya da abin da aka saba. Garin sauri na rufe, na miƙa ɗaya ta katanga, na kai ɗaya gidan Fasto da kaina, har da durƙusawa.

Ran Lahadi bayan sujada Baba Fasto ya tare ni a ƙofar coci.

"Mama, mun gode. Amma kajin gidanku a tsaye suke mutuwa? Ƙafa shida na ƙirga, babu jiki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Baba, kuskure ne, ba naka ba ne."

"To na wane ne?"

Na hau gyaran ɗankwalina. Ya ce, "Ni haƙorina ya sha wuya sau ɗaya. Mai kwanon fa, sau nawa?"

Na dawo gida ina huci, wai ni za a yi wa wa'azi a kan ƙafar kaza. Ko ɗankwali ban cire ba sai ga Hajiya da sallama, riƙe da langar, ta wanke ta fes, ta cika ta da gyaɗa.

"Maman yara, bana Allah ya buɗa ke nan! Da na ga cinya sai da na yi guɗa."

Ta ajiye langar a gabana, ta ci gaba.

"Kullum ina faɗa wa maigida, mutanen nan ba su da shi, ƙafa kawai suke samu, amma ba su taɓa manta mu ba. Shi ya sa in Sallah ta zo nake ɓoye miki tsoka mai kyau kafin dangi su gani."

Shekara bakwai ina cin tsokar nan ina cewa ragonsu tauri gare shi. Kunya ta kama ni, na zauna a kan turmi na fashe da kuka. Hajiya ta dafa kafaɗata.

"Haba, daina kuka. Talauci ba abin kunya ba ne."